Girki Mai Sauƙi da Rahusa Ga Ɗaliban Manyan Makarantu: Bayani Ga Iyaye da Shugabannin Al'umma

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga watan Agusta na 1991, ta samu bunƙasar manyan makarantu fiye da yadda ake zato a wancan lokaci. A Birnin Kebbi akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013, da kwalejin horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. A Argungu akwai Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie. Idan aka ɗan matsa, akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da kwalejin kiwon lafiya ta Jega. Ɗalibai da dama na waɗannan makarantu 'ya'yan manoma ne da masunta da makiyaya, waɗanda suka fito daga ƙauyukan ƙananan hukumomi 21 na jihar.

Idan uba ya zauna lissafin ɗawainiyar karatun ɗansa ko 'yarsa, abin da ya kan sa a gaba shi ne kuɗin rajista, da hayar ɗaki, da littattafai, da kuɗin mota. Abinci kan zo daga ƙarshe, wani lokaci ma ba ya shiga lissafin, alhali shi kaɗai ne buƙatar da ke dawowa sau biyu ko uku a kowace rana har zangon karatu ya ƙare. Ɗalibin da bai karya kumallo ba zai zauna a aji, amma hankalinsa ba ya wurin malami. Magabata sun riga sun faɗa cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manufar wannan bayani ita ce mu nuna wa iyaye da shugabannin al'umma cewa mafi yawan abin da ɗalibi ke buƙata domin ya ci ya ƙoshi cikin rahusa yana nan a rumbunanmu da fadamunmu, muddin aka shirya shi tun daga gida, aka kuma koya wa yaron yadda zai sarrafa shi.

Yadda ɗawainiyar ta dawo kan iyaye

Waɗanda suka yi karatu a shekarun 1970 za su tuna cewa jami'o'in ƙasar nan suna da ɗakunan cin abinci, inda ɗalibi ke miƙa tikiti a zuba masa, gwamnati kuma ta ɗauki mafi yawan kuɗin. A watan Afrilu na 1978, ƙarin kuɗin abinci na yini yana cikin abubuwan da suka haddasa zanga-zangar ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka yi wa laƙabi da sunan Kwamishinan Ilimi na Tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An yi asarar rayuka a Legas da Zariya. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 an janye tallafin ciyarwa daga manyan makarantu, tun daga nan kuma cikin ɗalibi ya zama nauyin gidansu.

Nauyin ya ƙaru a 'yan shekarun nan. An janye tallafin kananzir a 2016, wanda shi ne makamashin da ɗalibai suka fi dogaro da shi a da. A ranar 29 ga Mayu na 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin abinci ya bi shi. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A shekarar ce kuma asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, ya fara aiki, tare da kuɗin ɗawainiya na Naira 20,000 a wata ga waɗanda suka nema suka samu. Idan aka raba wannan kuɗi a kan kwana 30, bai kai Naira 700 a rana ba. Duk wanda ya san farashin faranti ɗaya a wurin masu sayar da abinci ya san cewa kuɗin ba zai riƙe mai saye sau uku a yini ba. Ga wanda ke da hatsi a ɗaki kuwa, zai iya isar sa cefane da gawayi.

Guzuri daga rumbu

Allah Ya albarkaci kwarin Rima da abinci. Fadamun Argungu da Augie da Birnin Kebbi da Bunza da Suru suna ba da shinkafa damina da rani. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu. Aliero ta yi suna a noman albasa har a wajen ƙasar nan. Kifin Argungu kuwa ba ya buƙatar gabatarwa, domin bikin kamun kifi da aka fara a 1934 ya shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. Abin takaici ne a ce ɗan manomin da ya noma shinkafar nan yana sayen ta gwangwani-gwangwani a shagon bakin makaranta, a farashin da ya ɗara wanda mahaifinsa ya sayar da ita a lokacin kaka.

A nan ne asarar farko take. Manomi kan sayar da amfanin gona a lokacin da ya fi araha, ya riƙa aika wa ɗansa kuɗi kaɗan-kaɗan, ɗan kuma ya sayi abincin a lokacin da ya fi tsada, bayan ɗan kasuwa da mai mota da mai shago duk sun ɗora ribarsu. Shawararmu ita ce, tun ranar da aka kai amfanin gona gida, a ware kason ɗalibi kamar yadda ake ware iri.

Lissafin ba shi da wuya. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyar shinkafa, kimanin giram 150, kan ishi mutum ɗaya a ci ɗaya. Zangon karatu yana ɗaukar kusan wata huɗu, wato kwana 120. Idan ɗalibi zai ci shinkafa sau ɗaya a kowace rana, yana buƙatar gwangwani 120, kimanin kilo 18, wanda bai kai rabin buhu mai kilo 50 ba. Haka za a lissafa wake da gero da garin tuwo. Da yake girman mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, ya kamata ɗalibi ya auna nasa da gwangwani tun ranar farko, ya san adadin da ke hannunsa, ya raba shi a kan makonnin da ke gabansa. Wanda bai auna ba shi ne ke cin tuwo da yawa a watan farko, ya koma shan garin kwaki a lokacin jarrabawa, lokacin da ya fi buƙatar ƙarfi.

Game da shinkafa, wadda matanmu ke turarawa a gida kafin a sheme ta ba abin rainawa ba ce. Turarawar tana tura wasu sinadaran gina jiki daga ɓawo zuwa cikin ƙwayar, musamman rukunin bitamin B, ga shi kuma tana auki a tukunya. Aibinta ɗaya shi ne tsakuwa, maganin wannan kuwa shi ne a rege ta da kyau a ƙwarya ko roba kafin a ɗora.

Bayan hatsi, abin da ya fi muhimmanci shi ne kayan miya busassu, waɗanda ba su da nauyi, ba sa kuma lalacewa da wuri. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale da rama da sure, daddawa, ƙuli-ƙuli, tsamiya, man gyaɗa, da yaji da aka daka da citta da masoro. Tumatir da tattasai da tarugu suna araha a lokacin sanyi zuwa rani, idan kayan lambu suka fito, su yi tsada da faɗuwar damina. Uwar da ta yanka su ta shanya a kan tabarma mai tsabta a lokacin arahar ta tanadar wa ɗanta miyar wata da watanni. Albasa ma tana daɗewa idan aka baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a cikin leda ba. Sai busasshen kifi. Ba sai an nemi giwan ruwa ba. Ƙananan kifaye da tarwaɗa da aka yi wa banda sun wadatar, kuma ƙananan da ake ci har da ƙashinsu suna ƙara wa jiki sinadarin ƙarfafa ƙashi.

Akwai kuma aikin da ya fi dacewa a gama shi a gida domin ɗalibi ba shi da turmi ba shi da lokaci: a surfa gero a niƙa shi da kayan ƙamshi ya zama garin kunu, a haɗa garin ɗan wake da garin rogo da kuka a mazubi ɗaya, a ɓarza masara ta zama tsaki.

Abin da ɗalibi zai iya dafawa

Tukunya biyu, ludayi, muciya, wuƙa, faranti, kula da bokiti mai murfi sun isa kayan aiki. Ɗalibin da ya iya girki biyar ko shida da kyau ba zai gaji da abincinsa ba.

Na farko shi ne shinkafa da wake, wanda matasa ke kira garau-garau. Mun sa shi a gaba ne domin dalili na ilimi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake sinadarin gina jiki ne, na shinkafa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Bugu da ƙari, irin sinadarin da ya yi ƙaranci a hatsi yana da yawa a wake, wanda ya yi ƙaranci a wake kuma ana samun sa a hatsi, saboda haka haɗa su a faranti ɗaya yana kusantar amfanin nama. Za a fara ɗora wake, idan ya kusa nuna a zuba shinkafa, a ci da mai da yaji da yankakkiyar albasa. Idan an samu tumatir ko latas ko kabeji a yanka a kai. Wannan ƙarin ganye ba ado ba ne kawai, domin bitamin C da ke cikin ɗanyen kayan lambu yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake. Shayi kuwa yana rage wannan tsotsa, don haka gara a jinkirta shi zuwa bayan awa ɗaya da cin abinci. Wannan ya fi shafar 'yan mata, waɗanda ƙarancin jini ya fi kamawa.

Na biyu dafa-duka. A soya albasa a ɗan mai, a zuba jiƙaƙƙen busasshen tumatir da tarugu da daddawa, a tsaida ruwa, a sa kifi, idan ya tafasa a zuba shinkafa ko taliya. Tukunya ɗaya, wuta ɗaya, wanke-wanke kaɗan. Dab da saukewa a watsa zogale ko alayyahu.

Ɗan wake ya fi kowanne sauri idan an zo da garin a haɗe. A kwaɓa da ɗan ruwan kanwa, a riƙa jefawa a tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a bar shi ya ƙara 'yan mintuna, a tsame. Fate ma haka: tsaki, da wake kaɗan ko gyaɗa, da sure ko rama, da kabushi idan lokacinsa ne. Gwangwani ɗaya na tsaki kan cika tukunyar da za ta ishi mutum biyu, shi ya sa fate ke ceton ɗalibai a ƙarshen wata.

Tuwo da miyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa ya fi dacewa da dare ko ranakun da babu darasi. Miyar ba ta wuce minti 15 ba idan akwai daddawa da garin kifi. Abin da ya rage na tuwo shi ne ɗumamen safe, da sharaɗin da za mu ambata a gaba.

Da safe kuwa, kunun tsamiya ko koko da ƙuli-ƙuli ko ƙosai ya fi shayi da burodi riƙe ciki, ya kuma fi araha ga wanda ya zo da garinsa. Ga ranar da babu wuta ko babu lokaci, akwai kwaɗo: a jiƙa busasshen zogale ko rama da aka riga aka dafa, a haɗa da dakakken ƙuli da albasa da ɗan mai, ko a yi kwaɗon garin kwaki. Garin kwaki da ruwa da sukari kaɗai yana kashe yunwa na ɗan lokaci, amma kusan babu abin gina jiki a cikinsa, sai an haɗa shi da gyaɗa ko ƙuli.

Taliyar leda mai dahuwa cikin minti uku ta samu karɓuwa ƙwarai a ɗakunan ɗalibai, ba ma kuma cewa a daina cin ta. Sai dai idan aka kwatanta kuɗinta da nauyinta, ta fi shinkafar gida tsada nesa ba kusa ba, ba ta daɗewa a ciki, ga gishiri mai yawa a ƙullin ɗanɗanonta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano. Daddawa da albasa da kifi suna ba miya daɗin da zai sa a rage dunƙulen.

Tattalin wuta

Asara ta biyu tana wurin makamashi, kuma ita ce iyaye ba su cika lura da ita ba, domin a ƙauye kara da itace ba saye ake yi ba. A gari kuwa ko gawayi ne, ko gas, ko kananzir, kowanne da kuɗinsa. Wake shi ne ya fi cin wuta. Idan aka jiƙa shi tun dare, ko tun safe kafin a tafi aji, lokacin dahuwarsa yana raguwa sosai, a zubar da ruwan jiƙon kuma yana rage kumburin ciki. Mutane da yawa kan zuba kanwa domin ya yi saurin nuna. Tana aiki, amma yawanta na lalata wasu bitamin na abincin, don haka jiƙo ya fi.

Rufe tukunya, da rage wuta da zarar ta tafasa, da kare murhu daga iska, duk suna rage abin da ake ƙonawa. Mai kurfoti ya kashe ragowar gawayinsa ta hanyar rufe shi da yashi ko tsohuwar tukunya, ya ajiye don gobe.

Akwai wata dabara da ta cancanci a yaɗa ta. Idan shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, a sauke tukunyar da murfinta a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo ko a cusa ta cikin kwando da aka cika da tsummoki, a bar ta kimanin minti 40. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar ba tare da an ƙara ko gawayi ɗaya ba, kuma ba za ta kama ba. Jiƙaƙƙen wake yana buƙatar ya tafasa sosai na minti 20 ko fiye kafin a naɗe shi, a bar shi awa biyu zuwa uku. Ɗalibi na iya ɗorawa da safe, ya tafi darasi, ya dawo ya tarar da abinci da ɗuminsa. Idan ya tarar ya huce, ya sake tafasa shi kafin ya ci.

Sai tukunyar haɗin gwiwa. Wutar da za ta dafa wa mutum ɗaya, da ɗan ƙari kaɗan za ta dafa wa huɗu. Ɗalibai uku ko huɗu da suka haɗa kayansu, wannan ya zo da shinkafa daga Augie, wancan da wake da gero daga tudu, wani da kifi daga Yauri, za su ci abinci iri-iri fiye da yadda kowannensu zai ci shi kaɗai, su kuma raba kwanakin girki. Abin da ke rushe irin wannan haɗaka sananne ne: rashin auna abin da kowa ya kawo, da baƙin da ke zuwa daidai lokacin saukewa. Ba mu ce a hana baƙo abinci ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce, amma a yi magana a fili tun farkon zango, a rubuta abin da kowa ya zuba, a kuma amince da ma'auni ɗaya.

Kiyaye lafiya

Araha ba ta da amfani idan ta ƙare a gadon asibiti. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi da Argungu kan haura digiri 40, ɗalibai kaɗan ne kuma ke da firiji, wutar lantarki ma ba ta da tabbas. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba, domin ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60. Dafaffiyar shinkafa tana da haɗari na musamman, saboda akwai wata ƙwayar cuta da ke jure tafasa, idan shinkafar ta daɗe a ajiye sai ta saki dafin da ɗumame ba ya kashewa, ya jawo amai da gudawa. Don haka a dafa daidai ci, musamman a bazara. Miya da tuwon da za a yi ɗumame da su a tafasa miyar da dare, a rufe, kada a ƙara sa cokali a ciki, da safe kuma a ɗumama har sai tururi ya ratsa ko'ina. Abin da ya canza wari ko ya yi yauƙi a zubar, ko da ana jin zafin asararsa.

Muna jan hankalin iyaye da babbar murya game da maganin ƙwari. Wasu na zuba maganin feshi a cikin wake ko busasshen kifi domin hana ƙwari. Yawan irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi a kansa. Wake da za a ba ɗalibi kada a sa masa komai. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa zuba fetur ko maganin feshi a cikinta ba, a cika ta har baki, a toshe da kyau. Idan iska ba ta shiga, ƙwarin za su mutu da kansu. A kan wannan hikima aka ƙera buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda malaman gona suka san shi. Kifi kuwa a riƙa fito da shi rana lokaci-lokaci, a wanke da ruwan zafi da gishiri kafin a sa a miya. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna ba ta guzuri ba ce, domin dafin funfunar yana illata hanta, dahuwa kuma ba ta kawar da shi.

Ɗakin da ke da hatsi yana jawo ɓera, ɓera kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci. Duk kayan abinci su kasance a mazubi mai murfi, a wanke kwanuka kafin a kwanta.

Haɗari na ƙarshe shi ne na wuta da hayaƙi. A lokacin hunturu wasu kan shigar da kurfoti ɗaki su rufe ƙofa da taga domin jin ɗumi. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, mutum ya wuce daga barcin. Ba a girki da gawayi sai a waje ko inda iska ke shiga tana fita. Mai tukunyar gas ya riƙa gwada bakinta da tiyonta da ruwan kumfar sabulu, idan ya ga kumfa na tashi to akwai yoyo. Idan ya ji warin gas kada ya kunna ashana ko makunnin lantarki, ya buɗe ƙofa ya fitar da ita. Kada a ƙara wa risho kananzir yana ci, kada kuma a sayi kananzir a hannun wanda ba a amince da shi ba, saboda wanda aka gauraya da fetur yana fashewa. Kowace makaranta tana da dokokinta game da girki a ɗakunan kwana, wajibi ne ɗalibi ya tambaya ya kuma bi.

Kira ga iyaye da shugabanni

A gidajenmu da dama ana ganin shiga madafa aikin mata ne, har yaro ya gama sakandare bai taɓa ɗora tukunya ba. Irin wannan yaro shi ne kuɗinsa ke ƙarewa a mako na biyu. Masuntanmu da ke kwana a bakin gulbi, da makiyaya a daji, da fatake a kan hanya, duk maza ne da ke dafa wa kansu, ba wanda ya ce mutuncinsu ya ragu. Watannin da ke tsakanin kammala sakandare da samun gurbin karatu dama ce. Muna roƙon iyaye mata su zaunar da 'ya'yansu maza kamar yadda suke zaunar da mata, su nuna musu regaya, da tsaida ruwa, da talge, da kaɗa miya, su bar su su yi da hannunsu har sai abin ya zauna.

Iyaye maza kuma su sani cewa aiken kaya ya fi aiken kuɗi albarka a wannan fanni, ko da yake dole a haɗa da ɗan abin cefane da makamashi. Inda 'yan gari ɗaya ke karatu a makaranta ɗaya, iyayensu na iya haɗa kayan a mota ɗaya a tsakiyar zango, su raba kuɗin dako. A shekarar da ambaliya ta ci gonaki, kamar yadda ta faru a fadamun jihar nan a 2020, 'ya'yan waɗanda abin ya shafa su ne ke fara barin karatu, don haka ya dace masu rabon zakkar hatsi da ƙungiyoyin ci gaban gari su riƙa tunawa da ɗaliban da ke nesa da gida idan ana rubuta mabuƙata.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da masu unguwanni, akwai abubuwan da ba sa buƙatar kasafi mai yawa. Ɗalibai da dama suna zaune ne a gidajen haya a unguwannin Birnin Kebbi da Kalgo da Argungu, wasu gidajen kuma an gina ɗakuna ne kawai ba a ware wurin girki ba, sai a tarar da risho ko tukunyar gas a gefen katifa. Mai unguwa na iya yi wa masu gidajen magana su kafa rumfa a tsakar gida domin girki, jami'an duba-gari kuma su sa wannan cikin abin da suke dubawa, tare da magudanar ruwa da wurin zubar da shara. Gyaran famfon burtsatse ɗaya a unguwar da ɗalibai suka yi yawa yana rage musu kuɗin sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, wanda shi ma wani kaso ne na kuɗin girki. Malaman gona, idan sun fita wayar da kai a lokacin kaka, su haɗa da bayanin adana wake ba tare da magani ba, da shanya kayan miya a kan abin shimfiɗa mai tsabta maimakon gefen kwalta. Sassan kula da harkokin mata na ƙananan hukumomi kuwa, tare da ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙaramar hukuma, za su iya shirya koyar da girki na yini ɗaya ko biyu a lokacin dogon hutu, a harabar makarantar firamare ta gari, kowane mahalarci ya zo da gwangwani ɗaya na shinkafa da ɗaya na wake daga gidansu.